Dokin Ƙofarmu da Katakon Jirgi

Duk abin da tsufa zai kwashe mini, ba zai kwashe ranar da maigidana ya fita ƙofar gida a kekensa ba.

Dillalin shanu ne a kara, wato kasuwar dabbobi, tun kafin mulkin kai. Wani bijimi ya take shi, ƙafafu suka mutu. Daga asibitin birni aka dawo da shi a keken guragu, abin kallo a Wudil ta lokacin. Sai dai dokin ƙofar zaurenmu ya kusa gwiwa, saboda ruwan damina. Maza suka ce za su riƙa ɗaga shi. Ya ce, "Ni buhun gero ne? A sare dokin ƙofar, ko in mutu a ɗaki."

Na ce, "Malam, a sare, ruwa ya cinye mini rumbu?"

Haka ya zauna yana ramewa. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, sai kukan shanu yake ji daga nesa.

Ni kuwa da ƙuruciya na yi tallar fura a bakin kogi, na ga yadda ake shimfiɗa katako jaki ya hau jirgi, sannan a janye. Na sa aka kira ƙanena, kafinta ne, na ce ya nemo katakon tsohon kwalekwale. "Gunduwa-gunduwa za ka yi, mai haɗewa da cirewa. In ka kafa shi dindindin, ya tare wa jakuna lungu, gara kuma ta cinye."

"Yaya, ke da ko guduma ba ki taɓa riƙewa ba?"

"Na riƙe ka kana majina. Yi aiki!"

Ya yi biyu, na ciki da na waje, ya maƙala su a dokin ƙofa. Ashe na waje ya yi gajarta. Malam na hawa, keke ya kwasa a guje, sai cikin awakin maƙwabci! Ina leƙe daga zaure, na dafe ƙirji. Sai na ji dariyarsa, wadda rabona da ita tun kafin bijimin nan.

"Kai kafintan banza, kashe ni za ka yi ka gaji keken?"

"Kasuwa ka ce kana so, na rage maka hanya!"

Aka ƙara gunduwa ta uku, gangaren ya kwanta. Ranar Juma'a, ranar kasuwa, ya sauka a hankali, ba hannun kowa a jikinsa. Da yamma ya dawo yana warin shanu, da ƙunshin tsire a cinyarsa, nawa ni kaɗai.

Tun ranar na gane, mutum mai zuciya ba ɗauka yake so ba. Gyara masa hanya, ka matsa gefe.