Shekarun Shani na Yaya Sule

Bana shekara arba'in ke nan da muka kai wana, Yaya Sule, maƙabarta a nan Makka, kuma har yau ban gama jin haushinsa ba. Ina ƙaunarsa, ina yi masa addu'a, amma haushin yana nan.

A Sudan muka tashi. Bayan babban yaƙin Turawa muka ƙetaro teku, ni da shi da Inna. Matarsa Hadiza ya bar ta a Suwakin, tashar jirgin ruwa ta Sudan, da jaririya a goye, da alkawarin ana gama aikin hajji zai koma ya ɗauko su.

Ga-ruwa ya shiga yi, yana kai wa wani masaukin alhazan Indiya. A can ya haɗu da wani tsoho musulmi da ya zo jiran mutuwa kusa da Harami. Kakanninsa 'yan Hindu ne masu duban taurari. Ya ce ya tuba da abin, amma bakinsa bai tuba ba. Shi ya koya wa Yaya cewa sama gida goma sha biyu ce, kowane gida a yarensu sunansa rashi. Wata kuma yana da masauki ashirin da bakwai, nakshatra. Akwai taurari masu kamu guda tara, graha, har da Rahu da Ketu, kai da wutsiya marasa gangar jiki. Wanda aka fi tsoro shi ne Shani, wato tauraron Zuhal. In ya ratsa gidan da wata yake ciki ranar da aka haifi mutum, da gidaje biyun da ke gefensa, shekara bakwai da rabi mutumin zai yi cikin wahala.

Lissafin nan kuwa sai an san ranar haihuwa da sa'arta. Mu ina muka san wannan? A kan hanyar iyayenmu ta zuwa Sudan aka haifi Yaya, wani wuri cikin Chadi. Ya tsare Inna da tambaya.

"Ranar Asabar ce dai," in ji ta, "shekarar da fara ta cinye gero. Haram alaik, Sule, ka bar ni da zancen nan."

Da wannan ɗan guntun bayani tsohon ya yi zanensa a ƙasa, ya share da ƙafa don kada masu hani da munkari su gani. Ya ce Shani ya shigo, kada Yaya ya hau ruwa sai ya wuce.

Na yi masa faɗa, ni ƙaninsa. Na ce Yaya, kai da ba a san watan haihuwarka ba, wane gida ne naka? Ya ce in jirgin ya nutse da shi, wa zai riƙe yarinyar? Wato tsoron ma don su yake yi. Wannan ne ya fi ci mini rai. Kowace shekara sai ya aika da saƙo ta hannun alhazai: bukra, wato gobe, in sha Allahu, saura kaɗan. A shekara ta shida zazzaɓi ya kwantar da shi a ɗakinmu, a kan busasshiyar ƙasa, bai tashi ba.

Yanzu jikokina a unguwar Mansur, waɗanda Hausa ke yi musu nauyi a baki, suna karanta burujinsu, wato taurarin haihuwarsu, a mujallun da ake shigowa da su, suna dariya. Da Yaya yana raye, na san ba zai yi dariya ba. Zai tambaye su ƙarfe nawa aka haife su, ya yi musu sha'awa don su an rubuta musu.

Me ya rage nasa? Kabarinsa ba alama, kamar na kowa a nan. Sai 'yarsa Binta, wadda ta zo hajji bara, babbar mace har furfura ta fara fito mata, ta neme ni har gida. Hadiza ta daɗe da rasuwa.

"Baffa," ta ce, "me ya riƙe shi?"

Na gaya mata gaskiya, da Shani da komai. Ta murza bakin mayafinta.

"Innata ta ce aure ya yi a nan ya manta da mu," in ji ta. "Da ka bar ni da wannan, Baffa. Ya fi sauƙin ɗauka."