Kantin Kore Ya Koma Ja

"Ɗanladi, ina kantin koren da ka ce?"

Kawu Bitrus ke nan a waya. Daga Birmingham ya taso da ƙullin daddawata, ruwa na dukansa a unguwarmu ta Gorton.

Ni na yi masa kwatance: ya sauka gaban babban kanti kore, gidanmu na baya. Na manta an sayar da kantin, sababbin masu shi sun shafe shi ja.

Na ce, "Kawu, jan nan shi ne."

Ya ce, "Haka ma'aikatansu suka ce. Ban yarda ba, na wuce gaba."

A bayan wani gareji kore na tsinto shi, daddawa ta jiƙe.

Yanzu da coci nake kwatance, shi ma a ƙasar nan ana sayarwa. Ku da me kuke yi?