Lemon Kwalba a Bakin Tasha

Tana tsaye a bakin tasha, doguwa, da kular abinci a hannu, ta kafe ido kan wani mai tumbi da ke kwankwaɗar lemon kwalba a gaban kanti. Daga gani mijinta ne. Wa ya san sau nawa ta yi sammako tana dafa masa ganye, tana raka shi tattaki?

Yana goge baki, yana inda-inda. Ita kuwa ko murya ba ta ɗagawa.

"Baban yara, likita ya ce kana bakin ƙofar ciwon suga, ba ka shiga ba tukuna. Gida kaf muka bar zaƙi dominka. Jiya aka ba autarka alewa, ta mayar. Wai kada Baba ya gani ransa ya biya."