Sulhun Dole Ne Ya Ci Idona

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Na daɗe ina riƙe da wannan labari a raina, yau dai na ga ya kamata in fitar da shi, ko Allah zai sa wani malami ko wata uwa su amfana.

A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, ina aji biyar a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo da ke wajejen Ƙofar Dawanau. Gidanmu yana Koki, mahaifina maɗinki ne. Ni yarinya ce mai son karatu, burina in zama ma'aikaciyar jinya. Mu uku ne a benci ɗaya, ni ce a tsakiya. Ta damana 'yar Kabara ce, shiru-shiru, idan ba tambayarta aka yi ba sai a tashi ba a ji muryarta ba. Ta haguna 'yar unguwarmu ce, mai barkwanci da tsokana, duk inda ta zauna sai an yi dariya. Dukkansu ƙawayena ne, abinci ma tare muke ci.

Mahaifin 'yar Kabarar ya tsaya takarar kansila a zaɓen da aka yi gab da tafiyar soja. Ya sayar da shagonsa na yadi ya zuba a kamfe, har waƙa aka yi masa, samari suna rerawa lungu-lungu. Aka yi zaɓe ya faɗi, mutanen da ke cika ƙofar gidansa suka watse, hawan jini ya kama shi. To wannan waƙar ce mai tsokanar ta ɗauko ta sauya mata baituka. Da 'yar Kabara ta shigo aji sai mai tsokanar ta miƙe ta ƙame, ta ce ga 'yar kansila nan, a ba ta hanya, sannan ta fara rerawa 'yan aji suna amshi da dukan tebur. Na yi mata magana a hanyar gida, ta ce ai wasa ne, wadda ake yi wa ma ba ta ce komai ba.

Abin ya ɗauki makonni. Wata rana 'yar Kabara ta yi ƙarfin hali ta kai ƙara wurin malamar ajinmu, ni na raka ta. Malama tana fama da tulin littattafan da take dubawa, ko kai ba ta ɗago sosai ba. Yarinya ta fara bayani, ba ta kai rabi ba Malama ta katse ta, ta ce ita ba ta da lokacin shirmen yara. Ta aika aka kira ɗayar, ta sa su duka biyun suka durƙusa a rana a gaban ofishin malamai, ta yi musu bulala daidai wa daida. Sannan ta ce su miƙe su gaisa, kowacce ta ce ta yafe. Suka gaisa. Malama ta ce magana ta wuce, kada ta sake jin ta.

Magana ba ta wuce ba. Tun daga ranar ƙawata 'yar Kabara ta daina cin abinci tare da mu. Idan tana rubutu danna biro take har takarda ta yage. Waƙar kuwa ba a daina ba, sai dai ta koma ƙasa-ƙasa, da hanci. Babu malamin da ya lura, don a wurinsu aji ya yi lafiya tunda babu hayaniya.

Ranar da abin ya faru muna darasin lissafi, kowacce ta fito da kamfas ɗinta na zana da'ira. Aka kira Malam ya fita. Sai na ji waƙar ta taso daga haguna a hankali. Na juya dama na ga fuskar ƙawata ta sauya, idanunta sun kafe. Ta miƙe da kamfas a hannu ta kai suka ta saman kaina, ni kuma na zabura in tare ta. Tsinin ya shiga idona na hagu. Abin da na tuna kawai shi ne ihun 'yan aji da ɗumin jini a kan hijabina. A asibiti likita ya gaya wa mahaifina cewa idon ya tafi, sai dai a yi ƙoƙarin kada ciwon ya taɓa ɗayan.

Yayyena maza suka ɗauko gora za su Kabara, sai da mahaifina ya tsaya a bakin zaure ya rantse duk wanda ya fita ba shi ba shi. Makaranta ta kori yarinyar a gaban taron ɗalibai. Mai tsokanar iyayenta suka mayar da ita wata makaranta. Ni kuma jarrabawa ta wuce ni ina kwance, aikin jinya ya tafi ke nan. Ƙawata 'yar Kabara ta zo duba ni tare da mahaifiyarta ba sau ɗaya ba, na ce kada a bar su su shigo ɗakin.

Daga nan fushin ya dawo kaina. Na fasa madubin ɗakinmu, na riƙa dukan ƙannena a kan abin da bai kai ya kawo ba. Duk wanda ya zo kalma ɗaya ce a bakinsa, in yi haƙuri, ni kuwa da na ji ta sai ƙirjina ya ƙara zafi. Sai wata dattijuwar malama da ke koya mana Turanci ta zo. Ta zauna a bakin katifata ta ce, "'Yata, ban zo ba ki haƙuri ba. Gaya mini wa kike jin haushi, kuma me ya sa." Na yi ta magana ina kuka har la'asar, ba ta katse ni ba. Ta ci gaba da zuwa. Ita ta koya mini idan na ji abin yana tasowa in bar wurin, in yi alwala, in zauna, sannan in nemi wanda zan faɗa wa da baki kafin hannuna ya riga ni.

Bayan shekaru, ina ɗakin mijina, na ji mahaifin ƙawata ya rasu, na shirya na tafi Kabara gaisuwa. Da kyar na gane ta, ta rame ta tsufa. Ba ta sake komawa makaranta ba, a unguwa kuma har lokacin nuna ta ake ana cewa ita ce ta tsiyaye wa wata ido. Ta ja ni ƙuryar ɗaki ta gaya mini cewa a safiyar ranar da abin ya faru mahaifinta ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, a haka ta baro shi ta zo makaranta, sai ta ji waƙar. Ta ce har yau ba ta tuna lokacin da ta ɗaga hannu ba. Sannan ta kalli idona ta ce, "Da Malama ta bar ni na ƙarasa maganata ranar nan, wallahi da ba mu kai nan ba." Na yafe mata a wurin, wannan karon ba wanda ya sa ni.

Malamai da iyaye, ku ji tsoron Allah a kan yaran da ke hannunku. Idan yaro ya kawo ƙara, ku ajiye abin da kuke yi ku saurare shi har ya gama. Kada ku haɗa mai tsokana da wanda aka tsokana ku yi musu hukunci ɗaya don ku huta. Gaisawar da aka tilasta ba ta kashe fushi, ɓoye shi take. Ku fi sa ido a kan yaron da ya yi shiru kwatsam, ku koya masa yadda zai faɗi abin da ke cin sa. Ku kuma ɗalibai, wasan da mutum ɗaya ba ya dariya a cikinsa ba wasa ba ne. Sauraron da bai wuce na ɗan lokaci ba aka hana yarinya guda, ita ta rasa karatunta da mutuncinta, ni kuma har in koma ga Allah da ido ɗaya zan ga duniya.