Kular Hajja a Kan Garwashi

Jiya da hantsi maƙwabcin shagona ya tara shara ya cinna mata wuta, ashe akwai fasasshen bokitin roba a ciki. Warin na bugun hancina na ajiye abin da ke hannuna, na ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Mutum da furfura a gemu, wai warin roba ne zai sa shi sunkuyar da kai a tsakiyar kasuwa. Zan gaya maka dalili, ko da yake ba labarin da nake jin daɗin bayarwa ba ne.

A gidanmu na Nassarawo, nan Mubi, madafa ta Kaka ce, mahaifiyar Baba. Inna tana girki, Goggo ƙanwar Baba ma tana yi, amma gishirin ƙarshe hannun Kaka ne ke sa shi. In ana suna ko biki a unguwa, ita ake zuwa roƙo ta tsaya a kan tukunya, kuma da wannan sunan take tafiya kanta a sama. Ba ta yarda baƙo ya ci sanyi a gidanta. Tana da wani babban kwando da ta shimfiɗe da tsofaffin zannuwa, ta zaunar da kwanon abinci a ciki ta lulluɓe da buhu. In aka daɗe, sai ta kai bayan hannunta jikin kwanon ta ji. Idan ya huce, ta ja garwashi gefen murhu ta ɗora shi, ya yi ɗumi a hankali ba tare da ya kama ba.

Ni kuwa “maigidanta” ne. Ka dai san wasan jika da kaka. Ta ce ni miji ne marowaci, ko ɗankwali ban taɓa saya mata ba, ni kuma in rama da ƙarya. In ce akuya ta shiga ɗakinta tana cin goronta, ta taso da gudu ta tarar ba komai, in tsere ina dariya. A gidan duka ni kaɗai nake gaya mata abin da na ga dama, ni kaɗai ne kuma ba ta ɗaukar maganata da nauyi.

Katangarmu ɗaya da Hajja, mutumiyar Borno mai sayar da abinci a tasha. Ita ce ta fara kawo babbar kula unguwarmu, irin ta ’yan kasuwa, shuɗiya, mai hannu biyu, wadda sai mutum biyu ke ɗauka in ta cika. Wajenta roba, cikinta farin ƙarfe mai ƙyalli. Tun da ta same ta direbobi suka koma wajenta, domin shinkafar da ta zuba da safe tana tururi har azahar. Mu yara har leƙe muke zuwa yi in ana wanke ta.

Wata damina aka sa ranar da manyan mai neman Goggo za su zo daga Mugulbu gaisuwa. Hajja, don kara, ta aiko da kular aro, ta ce ranar za ta yi maneji da tukwane. Kaka ta tsaya da kanta aka dafa shinkafa da naman rago, aka juye a ciki aka rufe tun kafin azahar. Sai ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Mayo, kogin da ke tsakaninmu da su, ya kawo, baƙi suka maƙale a wancan ƙetare suna jiran ya ja baya. Baba ya ɗauki lema ya tafi bakin hanya tarbonsu. Goggo kuwa tun safe ta ɓuya a ɗaki, yadda ya kamaci wadda aka zo dominta.

La’asar ta wuce, gari ya yi sanyi, Kaka ta kasa zama. Ta je ta kai bayan hannunta jikin kular, ta ji ta sanyi ƙalau. Ta canza gefe, haka. Duk rayuwarta hannun nan bai taɓa yi mata ƙarya ba, ga shi yana gaya mata abincin baƙinta ya huce. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce mata aikin kula ke nan, ta riƙe zafin a ciki ta bar wajenta da sanyi. Ta fara jan garwashi.

Inna tana bakin ƙofa tana gani. To, Inna suruka ce. Ba ta kiran sunan Kaka, ba ta kallon ƙwayar idonta, ko ruwa ba ta sha a gabanta. Ta yaya za ta buɗe baki ta koya wa uwar mijinta girki a madafarta? Ta jawo ni bayan randa, ta raɗa mini: “Je ka ce wa Kaka ba a ɗora wannan a wuta. Maza.”

Na ruga na ce, “Kaka, kar ki ɗora, roba ce, narkewa za ta yi!”

Ta dube ni ta yi dariya. “Ji marowacin miji. So kake baƙina su ci sanyi su bar maka saura? Da idona na ga ƙarfe a cikinta. Kauce, ko ka kama mini hannu ɗaya.”

Na rantse, na ƙara rantsewa, har hawaye ya zo mini. Ta ce yau kuma da kuka aka zo wasan. Ta ja kular da kanta, tana nishi, ta zaunar da ita a kan garwashin, ta tafi alwala.

Na koma na gaya wa Inna. Ta yi taku biyu ta tsaya, domin sauke abin da uwar miji ta ɗora ya fi gaya mata muni. Muna cikin wannan tsayuwar warin ya tashi. Kafin Inna ta yar da kunya ta finciko ta, gindin kular ya lotse, shuɗin ruwa baƙi-baƙi yana ɗiga cikin toka, wani farin abu kamar soso ya leƙo yana hayaƙi. Daidai nan muka ji sallamar Baba da baƙi a zaure.

Ba lokacin sake girki. Aka buɗe, shinkafa na tururi kamar yanzu aka sauke, amma warin ya shige ta. Aka kwashe ta sama aka zuba a kwanoni, ni na kai zaure. Dattawan nan sun sha ruwa da taɓo, ga yunwa. Na ga babbansu ya kai loma, ya tsaya, ya haɗiye da ƙyar. Suka taɓa kaɗan kaɗan suka wanke hannu. Da za su tafi ya ɗaga murya yadda za a ji a cikin gida, ya ce a gaida tsohuwa, sun ci abin da ake ba su labari. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da zagi ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Washegari Kaka ta ce ba a mayar da kwanon aro wayam. Ta wanke kular da kanta, ta cika ta da gyaɗarta ta ajiya, ta ce in kama hannu ɗaya. Gidan Hajja taku kaɗan ne, amma mata sun fito ƙofa, yara sun biyo mu, kular tana tangaɗi don ba ta da gindin zama. Ban ɗaga kaina ba. Kaka ta durƙusa wa matar da a shekaru ta isa ta haife ta ko ta yi jika da ita. Hajja ta yi sauri ta ɗago ta. “Haba Kaka, tashi don Allah. Kula ne ya ƙone, mutum bai ƙone ba.” Ta faɗa tana murmushi, amma na ga idonta ya sauka kan gindin kular ya daɗe. Sai bayan girbi Baba ya iya sayo mata wata, kafin nan direbobi da dama sun canza wurin ci.

Auren Goggo bai fasu ba. Labari ne dai ya zaga unguwa, a makaranta aka raɗa mini “jikan mai dafa roba”, na yi dambe a kai har na gaji. Kaka ba ta yi wa kowa faɗa ba, ba ta ce me ya sa ba a gaya mata ba. Wata safiya ta ɗauki muciyarta da ludayinta ta ajiye a ƙofar ɗakin Inna. Da bikin Goggo ya zo aka roƙe ta ta tsaya kan tukunya, ta ce ƙafa ke damunta. Ƙafarta kuwa lafiya lau, da ita take zuwa kasuwa.

Ni ma na daina yi mata ƙarya, amma ina amfanin hakan? Bayan shekaru, ina saurayi, na kawo mata kunun gyaɗa a ɗan filas. Ta ajiye shi a gabanta ta zuba masa ido, har na yi zaton ba ta so. Sai ta ce a hankali, “Maigida, buɗe mini. Kar in ɓata.”

Yanzu sana’ata ke nan, sayar da kayan masu gidajen abinci. Akwai kuloli manya da ƙanana, akwai akwatin gilas mai fitila da ke riƙe zafin nama, akwai na lantarki mai ruwan zafi a ƙarƙashin tire, akwai mai riƙe sanyin zoɓo ko an ɗauke wuta. Kowace shekara sai an fito da sabo, ni ma sai na tambayi yaran yanzu yadda ake kunna wasu. In tsohuwa ta rako ɗanta shagon, nakan ga ta tsaya nesa da kayan ta haɗa hannuwanta a baya, sai in rasa inda zan sa idona. Ina da abin da zai riƙe zafin tuwo daga safe har magariba. Na Kaka ne ban ƙara ci ba, alhali ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, da ƙarfinta, a ɗakin da ƙofarsa ke kallon madafa.