Kason Wanda Bai Zo Ba

A Batsari, idan tsofaffin maƙera suka zauna hira, ba a daɗewa sai an ambaci Sada Shigege. Ɗan manoma ne daga Darini, a zuriyarsu kaf babu wanda ya taɓa riƙe masaba. Ɗiban gwamna ne ya kwashe shi zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos lokacin yaƙi. Da aka ga ƙirjinsa ba zai jure ɗaukar ƙasa ba, sai aka tura shi rumfar gyaran diga da shebur, can ya koyi ƙira. Ya dawo gida da tari, da masaba, da buhu cike da guntayen sifiri, ƙarfen nan mai tauri na ƙarƙashin mota.

Shi a ganinsa ƙira sana'a ce kamar kowace, wanda ya iya sai ya yi. Ya kafa rumfa a bakin kasuwa, ya dasa uwar maƙera, ya hau aiki. Garmar da ya ƙera da sifiri kuwa ba ta lanƙwasa, nan da nan labarinta ya kai Zakka da Babban Duhu.

Ran wata kasuwa sai ga Mati, Sarkin Maƙera, tsoho mai tabon ƙuna har gwiwar hannu. Tare da shi akwai Ɗan'auta, maƙeri tsaran Sada, wanda bakinsa ya fi zartonsa kaifi. Bayan an gaisa, Mati ya dubi murhu ya ce, "Samari, wa ya hura maka wutar ga?"

"Ni na hura abata, Baba. Ina da ashana."

Ɗan'auta ya tuntsire da dariya. "Ashana! Ka ji shigege, Sarki. Maƙera ce ko teburin mai shayi?"

Mati ya yi masa bayani a hankali. Sabuwar maƙera daga garwashin tsohuwa ake kunna ta. Ranar Juma'a maƙera kan taru a zaurensa. Gawayi tare ake zuwa ƙonawa. In hakimi ya kira aiki, tare ake amsawa.

Sada ya ce, "To ni mi zan samu ciki?"

"Mu za ka samu."

Amsar nan ba ta gamsar da Sada ba. Abokan hamayya ne, kowa na neman manomin da ɗan'uwansa ke nema, to mi zai yi da su? Ya shiga tambayar inda wannan haɗin kai ya samo asali, ko zai gane kansa. Limamin unguwa ya ce tun daga Annabi Dauda ne, wanda Allah ya tausasa wa ƙarfe. Mati ya ce a'a, tama ce mafari. Kafin ƙarfen Turawa, dutse ake narkarwa a daji, mutum guda kuwa ba ya iya gina murhun, ya sari itacen, ya kuma yi gadin wutar, dole sai an taru. Ɗan'auta ya ce duk tatsuniya ce. Sarakuna ne suka gaji da bin maƙera ɗaya ɗaya in ana neman kibau, suka naɗa guda, don in sun shaƙe wuyansa sauran su yi kakari. Wani ɗan saƙo na hakimi ya rantse Bature ne ya ƙarfafa abin don sauƙin haraji. Matar Sada, Bara'atu, kuwa cewa ta yi, "Maigida, maza ne kawai masu son tuwon suna."

Kowa ya faɗi tasa sai Sada ya ga kamar ita ce gaskiya, har sai ya ji ta gaba.

Gawayi ne ya kai shi cikinsu ba don yana so ba. Tun da aka shata gandun daji, malamin daji ba ya ba kowa izinin saran ƙirya sai ta hannun Sarkin Maƙera. Sada ya bi ayari can wajen Safana, ya yi sara har hannunsa ya yi kanta. Da aka zo rabo, aka kasa wa kowa tulinsa, sai ya ga an ware wani tuli a gefe, babba kamar na kowa.

"Wancan fa na wa?"

Mati ya ce, "Na wanda bai zo ba."

"Wa ke nan? Ai duk ga mu."

"Ba mu san shi ba tukuna."

Sada ya duba fuskokinsu ko wasa ake yi masa, ya ga kowa na ɗaure buhunsa. Ya yanke a ransa cewa wata hanya ce ta cika rumbun Sarki. Ya kwashi nasa, daga ranar bai ƙara taka zauren Juma'a ba.

Da bazara ta kama, manoman Zakka da Babban Duhu suka cika masa rumfa da aiki: garemani, hauyoyi, sungumin shuka, a biya da hatsi in kaka ta yi. Sai kurkunu ya fito masa a ƙafafu duka biyu. Ya kwanta a soro, Bara'atu na naɗe zaren tsutsar a tsinke kaɗan kaɗan kullum safiya. Hadari ya soma haɗowa daga gabas. Sada ya sani sarai, manomin da ruwan fari ya tarar ba garma ba zai ƙara waiwayar maƙerin da ya jawo masa ba. Rumfar za ta mutu, shi kuma ba shi da ƙirjin noma.

Wata hantsi sai ya ji kukan jaki da ƙarar ƙarfe. Ya ja gindi ya leƙa. Ɗan'auta ne da wasu maƙera, suna loda wa jaki duk aikin da ke rumfar, har da buhun sifiri.

"Kai, Ɗan'auta! Sata da rana tsaka?"

"Koma ka kwanta, Shigege, kada zaren ya tsinke a ce mu ne."

"Ina za ku kai mani ƙarfe?"

"Inda wuta take. Taka ashana ta ƙare."

Suka kora jaki suka tafi. Sada ya ce a kai ƙara wurin alƙali, sai ya rasa abin da za a ce an sata, tunda kayan na manoma ne. Ya tura Bara'atu ta gano. Ta dawo ta ce an rarraba aikin gida gida, kuma gawayin da ake zubawa daga tulin nan ne da aka ware.

"To wanda bai zo ba fa?"

"Kai ka je, maigida?"

Sada ya dubi ƙafafunsa. Ai ya je saran. Sai dai yau kam bai je ko'ina ba.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Manoma suka riƙa biyowa duba shi ranar kasuwa, suna godiya, suna cewa damman hatsinsa na nan in Allah ya kai mu kaka, haka Sarkin Maƙera ya gaya masu. Zuciyarsa ta soma sanyi ke nan sai wani mutumin Zakka ya ƙara da cewa, "Ashe yanzu kowa ya iya irin garmarka. Ɗan'auta ma ya ce baɗi kowace maƙera za a same ta."

Maƙeran sun fasa sifiri, sun ɓata kaɗan, sun gane yadda ake tsoma shi a ruwa. Abin da ya fifita shi a kasuwa ya zama na kowa. Rumfarsa ta tsira, asirinsa ya tafi. Ya kwana ya tashi yana aunawa, ya kasa sanin ko taimakonsa aka yi ko fashi.

Ranar da ya fara dogara sanda ya isa rumfa, ana yayyafi. Bai gama share toka ba sai ga Mati da kansa, riƙe da katangar fasasshiyar tukunya, garwashi na ja a ciki. Ya aje a ƙofar rumfa bai ce a ɗauka ba.

Sada ya ce, "Baba, don Allah gaya mani. Agaza mani kuka yi ko cinye ni?"

Mati ya ce, "Ni ma da na tambayi ubana, cewa ya yi in kama zuga."

Sada ya zaro ashanarsa ya ƙyasta, ta ƙi. Damina ta sa ta yi sanyi. Ya ƙyasta wata, kan ya marmashe. Garwashin kuwa ya fara yin toka a sama, in an ƙara jinkiri zai mutu. Ya sa awartaki ya ɗauke shi, ya aza a murhu, ya kama zugazugi.

Ya shekara da yawa yana zuwa zauren Juma'a, yana amsa kiran hakimi tare da su, yana ware tulin nan da hannunsa. Amma ko da ya tsufa, in aka ce ya shiga cikin maƙera sai ya girgiza kai, ya ce shi bai san ya shiga ba, ashana ce ta jiƙe.