Tofi a Kwalaben Manta-uwa

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba na kama aiki a wata gonar gwaji tsakanin Funtua da Malumfashi. Aikinmu auduga ne, amma Baturen gonar yana da nasa haukan: manta-uwa, furen nan mai ɗigo-ɗigo da ke liƙe a jikin itatuwan kurmi. Shi ya koya mini aurar da fure, in ɗauko garin wannan da tsinke in sa wa wancan. Irin da ake samu ya fi toka laushi, ba ya tsira a ƙasa. Sai an dafa kwalba, an zuba mata wani abu mai kauri kamar kamu, a shuka a ciki, a toshe baki. Ko numfashin mutum ya shiga, funfuna za ta cinye komai.

Shekara uku ina wannan fama. Na aurar da na kurmin Danja da wani da Baturen ya samo daga kudu, har na samu kwalba goma sha biyu da 'yan tsirrai kore shar a ciki. Matata har gori take mini, wai na fi duba su a kan 'ya'yana.

Sai Baturen ya tafi hutu ƙasarsu, ya bar gonar a hannun babban malamin gona, mutumin da bai taɓa leƙa ɗakin kwalaben ba. Da ya ji manya za su zo daga Kaduna, ya ɓamɓare takardun da na manna wa kwalaben, ya liƙa masu sunansa. Na yi magana. A gaban leburori ya ce da ni, "Kai da aka ɗauka wankin kwalba, me ka sani?" Wallahi na tsani mutumin nan, tsana irin wadda ke hana abinci wucewa.

Ana jibi baƙi za su zo ya shigo da hantsi, ya ga tsirran ba su kai farce ba, ransa ya ɓaci. Ya ce zai yi musu addu'a ya tofa, ko sa yi saurin girma. Ya kama murfin kwalba ta farko, sai ya ɗan yi turus.

"Ba komai dai in na buɗe?"

"Malam, ai aikinka ne," na ce. "Ka fi ni sani."

Addu'a ba ta da laifi, iskar bakinsa ce matsalar. Ina tsaye, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tofawa. Ni na riƙa miƙa masa ma.

Baƙi suka zo suka yaba masa, ya yi ta washe baki. Kwana shida funfuna ta rufe kwalaben fari fat. Da Baturen ya dawo ya ga sunan da ke jiki, bai wahala wajen neman mai laifi ba. Aka mayar da malam awon auduga a wata kasuwar ƙauye. Ranar da ya kwashe kayansa na ci tuwo har da ƙari.

Daga baya Baturen ya kira ni.

"Kana wurin lokacin da ya buɗe?"

"Ina wurin."

"Ka san abin da zai faru?"

"Na sani."

Ya karɓi makullin ɗakin, bai sake sa ni aurar da ko fure ɗaya ba. Tsirran nan nawa ne, ni na kashe su da bakina, na kuma yi kukansu. Amma da za a mayar da ni hantsin nan, ni zan sake miƙa masa kwalba ta farko.